Lambar Fifiko a Gasar Tanis: Me Take Nufi, Kuma Me Ya Sa Take Ruɗar Masu Caca?

Duk wanda ya taɓa kallon wasan tanis a talabijin ya ga wata 'yar ƙaramar lamba a gefen sunan wasu 'yan wasa: 1, ko 7, ko 23. Wasu kuma sunansu ne kawai, babu komai a gefe. Wannan ita ce lambar fifiko, wadda masu shirya gasa ke bai wa manyan 'yan wasa kafin a jefa ƙuri'ar wa zai kara da wa. Mai kallo tana nuna masa inda manya suke. Wanda ke zuba kuɗinsa a caca kuwa, a kanta idonsa ke fara sauka, sau da yawa ma ita ce ke yanke masa hukunci tun bai duba komai ba: ai mai lamba 4 ba zai faɗi a hannun wanda ko lamba ba shi da ita ba.

A ganina an ɗora wa lambar nan kayan da ba nata ba. Ba don ta faɗi wanda zai yi nasara aka ƙirƙiro ta ba. An ƙirƙiro ta ne don kada manya su cinye junansu tun a ranar farko, a wayi gari wasan ƙarshe ba shi da armashi. Tun 1927 gasar Wimbledon ta Landan ke amfani da cikakken tsarin, kuma har yau manufar ba ta sauya ba: a raba giwaye, kowace ta bi hanyarta, sai can a ƙarshe su haɗu. Sai an fahimci yadda ake wannan rabon kafin a gane inda lambar ke da tasiri a kasuwar caca da inda ba ta da shi.

A manyan gasanni huɗu, wato ta Ostireliya a Melbourne, ta Faransa a Roland Garros, Wimbledon a Landan da ta Amurka a New York, 'yan wasa 128 ne ke shiga a ɓangaren maza, haka ma a na mata. A cikinsu 32 ne ke samun lamba. Mai lamba 1 ana ajiye shi a layin farko can sama, mai lamba 2 a layin ƙarshe can ƙasa, don haka ba za su haɗu ba sai a wasan ƙarshe. Masu lamba 3 da 4 kuwa ƙuri'a ake jefa musu. A nan mutane da dama ke yin kuskure, suna zaton dole ne 1 ya haɗu da 4, 2 kuma da 3. A tanis ba haka ba ne. Mai lamba 3 zai iya faɗawa ɓangaren na 1 kamar yadda zai iya faɗawa na 2. Haka ake ci gaba rukuni-rukuni. Babu mai lamba da zai haɗu da wani mai lamba kafin zagaye na uku. A zagaye na uku, idan kowa ya kai, masu lamba 1 zuwa 8 za su gamu da masu 25 zuwa 32, masu 9 zuwa 16 kuma da masu 17 zuwa 24. A zagaye na huɗu manyan huɗun farko za su gamu da masu 13 zuwa 16, masu 5 zuwa 8 kuma da masu 9 zuwa 12.

Abin da wannan ke haifarwa shi ne wasu gaɓoɓi da taki ɗaya ke sauya rayuwar ɗan wasa. Tsakanin na 32 da na 33 a duniya wataƙila 'yan maki kaɗan ne, amma na 32 yana da tabbacin wasa biyu ba tare da ya ga wani babba ba, na 33 kuwa zai iya cin karo da gwanin duniya ranar Litinin ta farko. Cikin 'yan wasa 96 marasa lamba, 32 ne za su fara da mai lamba, wato ɗaya cikin uku. Haka tsakanin 24 da 25, da 12 da 13, da 4 da 5. Shi ya sa za ka ga ɗan wasa ya shiga wata ƙaramar gasa ana saura makonni babbar gasa, ba don kofin ba, sai don ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan gaɓoɓin.

Kafin 2001 lambobi 16 ne kawai. A 2000 wasu gwanayen wasa a filin jar ƙasa 'yan Sifaniya, Alex Corretja da Albert Costa, suka ƙaurace wa Wimbledon saboda yadda take tsallake su wajen rabon lamba duk da matsayinsu a duniya. A shekarar da ta biyo baya aka ninka lambobin zuwa 32. A 2017 hukumar manyan gasannin ta ce za ta koma 16 daga 2019 don zagayen farko ya ƙara zafi, daga baya ta janye.

To daga ina lambar ke fitowa? Daga jerin gwanaye na duniya, wanda ƙungiyar tanis ta maza, ATP, ke fitarwa tun 1973, ta mata kuma, WTA, tun 1975. Jerin yana tara makin da ɗan wasa ya samu cikin makonni 52 da suka wuce: 2000 ga wanda ya lashe babbar gasa, 1000 ga gasannin da ke biye, sai 500 da 250. Tsari ne na adalci idan ana maganar sakayya, domin kowa abin da ya shuka ya girba. Amma lambar da ke fitowa daga cikinsa kamar sakamakon jarrabawar bara ce: ta nuna ƙoƙarin ɗalibi a lokacin, ba ta san ko ya kwana da zazzaɓi jiya ba. Makin da aka ci wata goma sha ɗaya da suka wuce darajarsu ɗaya da na makon jiya. Jerin ba ruwansa da wa ka doke, zagayen da ka kai kawai yake ƙirgawa. Wanda ya kai wasan ƙarshe bayan ya kayar da manya uku da wanda ya kai saboda hanya ta buɗe masa, makinsu ɗaya. Sannan babbar matsalar: bai damu da irin filin da aka ci makin a kai ba.

Wannan batu na fili ya cancanci a tsaya a kansa. A jar ƙasa ƙwallo na rage gudu ta yi tsalle sama, musayar bugu ta yi tsawo, mai haƙuri da ƙafa ya ci riba. A ciyawa ƙwallo na sulɓewa ƙasa-ƙasa da sauri, mai ƙarfin bugun farko ya ji daɗinsa. Mafi yawan gasannin shekara a fili mai tauri ake yin su, kakar ciyawa kuwa 'yan makonni ce kawai. Ke nan mutum zai iya tara kusan dukan makinsa a fili ɗaya, ya shigo wani filin da bai iya ba riƙe da babbar lamba. Dubi gasar Faransa ta 2021. Daniil Medvedev ne mai lamba 2, alhali kafin wannan shekarar bai taɓa cin ko wasa ɗaya a Roland Garros ba, sau huɗu a jere ana cire shi a zagayen farko. Rafael Nadal, wanda a lokacin ya lashe gasar sau 13, shi ne mai lamba 3. Babu wani kamfanin caca a duniya da ya ɗauki Medvedev a kan ya fi Nadal damar ɗaukar kofin. Amma lambar ta yi aikinta ta wata fuskar: da aka jefa ƙuri'a, Nadal ya faɗa ɓangaren Novak Djokovic, ga kuma Roger Federer mai lamba 8 a wannan ɓangaren. Djokovic ya doke Nadal a wasan kusa da na ƙarshe, Stefanos Tsitsipas kuma ya fito daga ɗaya ɓangaren.

Wimbledon ta daɗe tana ƙoƙarin gyara wannan giɓin. Daga 2002 zuwa 2019 tana da lissafinta na musamman ga maza: a ɗauki makin ATP, a ƙara da dukan makin da mutum ya samu a ciyawa cikin wata 12, a kuma ƙara kashi 75 cikin 100 na mafi kyawun sakamakonsa a ciyawa a wata 12 da suka gabaci waɗancan. Da wannan lissafin ne a 2019 Federer, na 3 a duniya, ya karɓi lamba 2, aka mayar da Nadal 3, har Nadal ya fito fili ya nuna rashin jin daɗinsa. Daga 2021 Wimbledon ta watsar da lissafin, ta koma bin jerin duniya kamar kowa. Ni dai na fi ganin hikima a tsohon tsarin, ko da yake na fahimci ƙorafin waɗanda suka ce gasa ɗaya ba za ta riƙa yin gaban kanta ba. Abin lura shi ne, tun daga lokacin lambar Wimbledon ta ƙara nisa da ainihin ƙarfin mutum a ciyawa.

Sai batun jinya da doguwar tafiya. Ɗan wasan da ya yi watanni ba ya buga wasa makinsa na zubewa, ko da kuwa hannunsa bai manta komai ba. Federer ya shiga gasar Ostireliya ta 2017 da lamba 17 bayan kusan wata shida yana jinyar gwiwa. Tomas Berdych mai lamba 10, wanda a takarda ya kamata lambarsa ta ba shi abokin karawa mai sauƙi a zagaye na uku, sai ya tarar da Federer. Federer ya wuce shi, ya wuce Kei Nishikori da Stan Wawrinka, ya doke Nadal mai lamba 9 a wasan ƙarshe. A 2018 Serena Williams ta dawo daga haihuwa tana can bayan ta 180 a duniya. Roland Garros ba ta ba ta lamba ba, Wimbledon ta ba ta 25, ta kuma kai wasan ƙarshe. A 2024 Nadal ya shiga Roland Garros ba shi da lamba kwata-kwata, domin matsayin da ake ajiye wa majinyaci yana ba shi damar shiga gasa ne kawai, ba ya ba shi lamba. Ƙuri'a ta haɗa shi da Alexander Zverev mai lamba 4 a zagayen farko. Wanda ya kalli takarda zai ga na 4 da marar lamba. Wanda ya san wasan ya san mutum ne da sau huɗu kacal aka taɓa doke shi a wannan gasar, har da wannan ranar.

Wani lokacin ma siyasa ce ke karkatar da lambar. A 2022 Wimbledon ta hana 'yan Rasha da Belarus shiga, ATP da WTA suka mayar da martani da janye maki daga gasar baki ɗaya. Djokovic ya lashe kofin amma ya sauko daga na 3 zuwa na 7. Elena Rybakina ta lashe na mata ba ta samu ko maki ɗaya ba, shi ya sa ta shiga gasar Ostireliya ta 2023 da lamba 22. A zagaye na huɗu ta cire Iga Swiatek mai lamba 1, ta tafi har wasan ƙarshe.

Yanzu mu koma ɓangaren kamfanin caca. Abin da yake sayarwa shi ne ninki, wanda masu caca ke kira od. Idan aka sa wa ɗan wasa 1.25, wanda ya zuba 100 zai karɓi 125 idan ya ci. Raba 1 da wannan adadin, za ka ga damar da kamfanin ya ƙiyasta masa: kashi 80 cikin 100. Idan abokin karawarsa yana kan 4.00, nasa kashi 25 ne. Haɗa su ka samu 105, alhali wasa ɗaya ba ya wuce 100. Wannan biyar ɗin da ta hau ita ce ribar kamfani, kuma yana cire ta ne ko wa ya yi nasara. Kamfanin ba da lambar fifiko yake fitar da wannan ninkin ba. Yana da lissafin da ke auna ƙarfin ɗan wasa bisa waɗanda ya doke da waɗanda suka doke shi, irin tsarin Elo da aka aro daga wasan dara na ces, a ware shi fili-fili, a haɗa da alƙaluman bugun farko da na mayar da shi, da labarin rauni, da gajiyar wasan jiya, sannan da yadda kuɗin manyan masu caca ke kwarara. Duk abin da lambar fifiko ke ɗauke da shi na gaskiya ya riga ya shiga cikin ninkin tun kafin mai caca ya buɗe wayarsa. Wanda ya zaɓi ɗan wasa saboda lambarsa, tsohon labari ya saya da tsada.

Ba ina cewa kasuwa ba ta kuskure ba ne. A Wimbledon ta 2023 Carlos Alcaraz ne mai lamba 1, amma Djokovic, wanda ya lashe gasar sau huɗu a jere kafin nan, shi kamfanonin caca suka fi bai wa dama. Alcaraz ya doke shi a wasan ƙarshe a turmi na biyar (wasan tanis kashi-kashi ake buga shi, kowane kashi shi ne turmi). A wannan karon lambar ta yi daidai, kasuwa ta sha ƙasa. Sai dai gasa ɗaya ba ta isa hujja ba. Idan aka tara dubban wasanni, ninkin kasuwa ya fi jerin duniya kusantar abin da ke faruwa, saboda yana da bayanan da jerin ba shi da su.

Inda lambar ke da tasiri na haƙiƙa shi ne cacar wanda zai ɗauki kofi. A nan ba ƙarfin mutum kaɗai ake saya ba, har da hanyarsa, kuma lamba da ƙuri'a ne ke shata hanyar. Kofi sai an ci wasa bakwai a jere. A ɗauka ɗan wasa yana da damar kashi 85 cikin 100 a kowane wasa. Idan aka ninninka sau bakwai, damarsa ta ɗaukar kofi kashi 32 ce kawai. Idan ƙuri'a ta ajiye masa wani babba a hanya, wasa ɗaya ya sauko daga 85 zuwa 55, sai damar ta faɗo zuwa kusan 21. Bai yi rauni ba, bai manta wasa ba, suna ɗaya ne kawai ya faɗo a gefensa. Shi ya sa da zarar an fitar da jadawali ninkin 'yan wasa ke motsawa cikin mintuna. A gasar Faransa ta 2022 Nadal yana da lamba 5, sai ƙuri'a ta jefa shi rukunin Djokovic, suka haɗu tun a kwata fainal, ga Zverev da Alcaraz su ma a wannan rabin. Ɗaya rabin ya zama fili fetal, Casper Ruud mai lamba 8 ya bi ta ciki ya kai wasan ƙarshe.

Janyewa bayan an jefa ƙuri'a ita ma tana birkita lissafi. A gasar Amurka ta 2017 Andy Murray mai lamba 2 ya janye bayan an riga an fitar da jadawali. Doka ba ta ce a sake ƙuri'a ba, don haka Federer mai lamba 3 ya ci gaba da zama a rabin Nadal, rabin ƙasa kuma ya rasa jagora. Kevin Anderson mai lamba 28 ne ya fito daga can. Nadal ya ɗauki kofin ba tare da ya kara da ko mutum ɗaya daga cikin 20 na farko a duniya ba. Wanda ya zuba kuɗinsa kafin ƙuri'a, caca biyu ya yi a lokaci guda: ta wasan da ta ƙuri'ar.

Akwai kuma bambancin da ake yawan yi wa mummunar fassara tsakanin maza da mata. Ana cewa lambar mata ba abin dogaro ba ce, kuma misalai suna da yawa: Jelena Ostapenko a Faransa da Sloane Stephens a Amurka a 2017, Swiatek a 2020, Barbora Krejcikova a 2021, Marketa Vondrousova a Wimbledon ta 2023, duk sun ɗauki kofi ba su da lamba. A Wimbledon ta 2018 babu ko ɗaya daga cikin mata goma na farko da ta kai kwata fainal. A ɓangaren maza kuwa, bayan Gaston Gaudio a 2004 an shafe fiye da shekara 20 ba a sake ganin marar lamba ya ɗauki babban kofi ba. Wani ɓangare na dalilin shi ne zamanin Federer, Nadal da Djokovic, amma akwai dalilin da lissafi ne tsagwaronsa. Maza a manyan gasanni sai mutum ya ci turmi uku cikin biyar, mata kuwa biyu cikin uku. Ɗan wasan da ke da damar kashi 70 cikin 100 a kowane turmi, damarsa ta cin wasa kusan 78 ce a tsarin turmi uku, amma kusan 84 a tsarin turmi biyar. Dogon wasa yana bai wa gwani lokacin farfaɗowa. Gajere kuwa mummunan rabin awa ya isa ya kore shi gida. Maza ma da suka koma gasannin turmi uku, manyansu na faɗuwa da wuri fiye da yadda ake gani a manyan gasanni.

Hanyoyi biyu ne lambar ke jan mai caca ya yi asara, kuma sun saɓa wa juna. Ta farko ita ce tara manya a tikiti ɗaya. Ninkin mai babbar lamba a zagayen farko ƙarami ne, sai mutum ya haɗa goma don ribar ta yi kauri, yana ganin ai duk tabbas ne. Bari mu yi misali. Wasanni goma, kowanne a kan 1.10, ainihin damar kowanne kashi 88 cikin 100. Tikitin zai biya ninki 2.59 idan duka suka ci, amma damar duka goman su ci kusan kashi 28 ce kawai. Idan aka yi ta maimaita irin wannan tikitin, kowace 100 da aka zuba kusan 72 ce ke dawowa. 'Yar ribar da kamfani ke cirewa a wasa ɗaya ta ninku sau goma. Kuma zagayen farko shi ne inda manya ba su riga sun saba da fili ba. A Wimbledon ta 2025 Coco Gauff mai lamba 2, wadda makonni kaɗan kafin nan ta lashe gasar Faransa, da Jessica Pegula mai lamba 3, da Zverev mai lamba 3 a maza, duk a zagayen farko suka fita.

Hanya ta biyu ita ce farautar abin mamaki. Kowa na tuna Goran Ivanisevic, na 125 a duniya, da ya shiga Wimbledon ta 2001 da gurbin alfarma ya ɗauki kofi, da Emma Raducanu, ta 150, da ta faro daga wasannin share fage ta lashe gasar Amurka ta 2021 ba tare da ta rasa turmi ko ɗaya ba. Irin waɗannan labaran ne ke sa mutum ya zuba kuɗi a kan marar lamba mai ninki 100 ko 200. Amma labarin wanda ya dace kaɗai ake ji, dubban tikitin da suka mutu a kan sauran marasa lamba babu mai ba da labarinsu. Masu nazarin kasuwannin caca sun daɗe da lura cewa kamfanoni sun fi cusa ribarsu a ninkin waɗanda ba a sa ran nasararsu, don haka mai bin su ya fi mai bin manya asara. Wannan ba ya nufin mai bin manya yana cin riba. Asararsa ce dai take tafiya a hankali.

A ƙananan gasanni lambar ta fi rauni. A gasar mai maki 250 da ke da 'yan wasa 28, takwas ne ke da lamba, huɗun farko kuma ana tsallakar da su zagayen farko. Wannan gata ne, wasa ɗaya ya ragu, amma yana nufin babban zai fito da sanyin jiki ya tarar da wanda ya riga ya buga wasa ɗaya, ko uku idan daga share fage ya taso, a kan wannan filin da irin wannan ƙwallon. Idan kuma gasar ta faɗo ana saura mako guda babbar gasa, mai lamba 1 ba zai yi kasadar jikinsa a kan ɗan ciwon da yake ji ba. Zai iya janyewa a tsakiyar wasa. Kamfanonin caca kuma dokokinsu sun bambanta a kan janyewa: wani zai soke cacar ya mayar da kuɗi, wani zai ce in dai an kammala turmin farko cacar ta zauna.

A irin wannan ƙaramar gasar ce aka samu lamarin da ya tilasta wa duniyar tanis ta dubi caca da idon basira. A watan Agustan 2007 a Sopot ta ƙasar Polan, Nikolay Davydenko, na 4 a duniya kuma mai lamba 1 a gasar, ya kara da Martin Vassallo Arguello, na 87. Kuɗi suka yi ta kwarara a kan ƙaramin a dandalin caca na Betfair, har bayan Davydenko ya ci turmin farko. A turmi na uku Davydenko ya janye saboda ciwon ƙafa. Betfair ta soke dukan cacar da aka yi a kan wasan, kimanin dala miliyan 7. ATP ta yi bincike fiye da shekara guda, a 2008 ta wanke 'yan wasan biyu, ba a same su da laifi ba. A wannan shekarar aka kafa sashen sa ido kan gaskiyar wasan tanis, wanda hukumar ITIA ta gaje shi a 2021. Mafi yawan waɗanda hukumar ke kamawa da sayar da wasa a ƙananan matakai suke, inda ladan gasa ba ya ko biyan kuɗin jirgi da masauki. A can, idan ninki ya juya wa mai lamba baya ba tare da wani dalili na fili ba, ruwa ba ya tsami banza, kuma ƙaramin mai caca shi ne na ƙarshe da zai ji dalilin.

Akwai wani farashin da 'yan wasan da kansu ke biya, wanda ya fi damuna a cikin duk wannan. Lambar tana sa wanda ya zuba kuɗi ya ji kamar an yi masa alkawari, don haka idan mai lamba ya faɗi, sai ya ga cin amana aka yi masa. A gasar Amurka ta 2024 Caroline Garcia 'yar Faransa, mai lamba 28, ta sha kashi a zagayen farko a hannun Renata Zarazua 'yar Meziko. Bayan wasan ta wallafa wasu daga cikin saƙonnin da suka shigo mata, na zagi da na fatan mutuwa, har da waɗanda suka taɓa mahaifiyarta. Ta ce masu cacar da suka yi asara na daga cikin manyan masu aiko da irinsu, ta kuma tuhumi gasannin da ke ci gaba da ƙulla yarjejeniyar talla da kamfanonin caca alhali sun san abin da 'yan wasa ke fuskanta bayan kowace faɗuwa.